Wutar da Mita Ba Ta Gani

Shekara ashirin da biyu ina Ƙofar Ruwa,
batirin mota nake dubawa.
Jar waya nan, baƙar waya can,
allurar mita ta motsa, in ce wa direba:
wannan da sauran rai,
wannan kuwa sai haƙuri.

Ban san akwai irin wutar a cikin Yaya Hambali ba.

Tuwo ya fara ragewa,
shi da ke tashi da malmala uku
in ya dawo daga awon masara a Dawanau.
Sai idanu suka koma ruwan ɗorawa,
ciki ya ɗau ruwa,
ƙasan haƙarƙarin dama ya yi tauri kamar ɗan dutsen niƙa.
Aka jiƙa saiwa, aka sha sassaƙe,
daga baya muka tari adaidaita
zuwa asibitin koyarwa, titin Zariya.

Sankarar hanta, in ji Dakta Raliya.
Na ce, me ke hura ta haka?
Ta dubi farcena da asid ya cinye.
Sana'arka?
Batir.
To zauna, kai za ka gane.

Ta juya bayan takardar magani, ta zana zobe.
Ƙwayar halitta ke nan.
Layin nan tantaninta ne, yanar gizo ta fi shi kauri nesa.
Ciki fotashiyam ya fi yawa, ɗan'uwan ruwan toka,
waje sodiyam, na gishirin miya.
Tantanin ya tsare iyaka,
ciki ya zama baƙar waya, waje ya zama ja.
Ko bolt ɗaya bai kai ba,
raba shi gida dubu, ɗebi 'yan gomomi,
amma da ɗan wannan ƙwaya ke sanin ta zauna wuri ɗaya.

Ta mai sankara fa?

Masu awo sun ga cajinta a ƙasa.
Akwai ƙofofi a jikin tantanin,
wasu sun yi yawa, wasu sun daina jin kira.
Ƙwayar da cajinta ya zube
ba ta son zama, sai rabuwa:
ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu,
babu mai ce mata ya isa.
Ko zubewar ce gaba, ko ciwon,
har yau ana kan bincike.

Na miƙe tsaye.
To a jona shi mana, Dakta!
Ina da caja, ina da waya!

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata.
Ta ce, Malam Tasi'u,
da ma an kai can.

A hanyar gida muka bi ta gefen badala.
Yaya ya jingina kansa a kafaɗata, ba nauyi.
Na ga inda ganuwa ta zaizaye,
an ɗebi ƙasarta, gini ya hau kan gini,
ƙofa tana tsaye ita kaɗai
kowa na wucewa ta gefenta.
Kullum ina bin hanyar nan.
Ranar na kawar da kai.

Da dare aka ɗauke wuta a Gwammaja.
Uwani ta kunna fitilar waya, ta fita dafa ruwan zafi.
Ya hango mitar a aljihuna,
ya miƙo tafin hannu, busasshe kamar ganyen kuka a rana.
Auna ni, ƙanena.

Jar waya nan.
Baƙar waya can.
Allura ko gezau.
Na san ba aikinta ba ne,
wutar ta yi mata ƙanƙanta, ta yi mata nisa.

Nawa na rage?

Shekara ashirin da biyu
ban taɓa yi wa mai batir ƙarya ba.
Na karkata mitar daga hasken,
na ce, ful ne, Yaya.

Ya ce, to cire, kar ya ƙone.